Sawu a Kwarin Hasbiya

Matan da suka yi sammakon kasuwar Yankara su suka fara ganinsa. Su bakwai ne, kowace da kayanta a ka, suna bin bakin ruwa a jere ba mai magana, sai ta gaba ta tsaya cak har ta bayanta ta yi karo da ita. Malam Mas'ud, malamin asibitin Unguwar Marke, yana kwance rub da ciki a kan duwatsu, hannu ɗaya a cikin ruwa, jakarsa ta goyo tana nan a bayansa. Ba wadda ta yi kururuwa, don shekara uku ke nan da aka hana ɗaga murya a Kwarin Hasbiya. Suka juya da gudu, kowace ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Wanda bai san halin da ake ciki ba, in ya ga kwarin nan sai ya ce mutanen Unguwar Marke 'yan gata ne. Duwatsu ne dogaye hagu da dama, ruwa garai-garai yana bi ta tsakani, ga inuwar ɓaure da ɗinya, ga farin yashi mai sanyi. A da har ɗalibai suke zuwa daga Funtuwa da jakunkunan goyo, su yini suna hawa suna sauka suna ɗaukar hoto, 'yan gari suna yi musu dariya, wai mutum ya biya kuɗin mota don ya zo ya wahalar da ƙafarsa. Da 'yan bindiga suka tare babbar hanya sai dariya ta ƙare. Wannan siririyar hanyar ta cikin kwari ita kaɗai ta rage wa gari zuwa Ruwan Godiya da Yankara, kuma har yanzu mutanen daji ba su san da ita ba. Aka kafa doka: ba a magana da ƙarfi, ba a hura wuta, duk wanda ya taka yashi ya karyi reshen sabara ya share sawunsa yana ja da baya. Abin ya bi jiki har an ce akwai dattijon da aka kama yana share sawunsa a tsakar gidansa.

Kafin hantsi 'yan sa-kai sun ɗauko gawa. Sun kuma ga abin da ya ishe su: sawun takalmin roba irin na makiyaya, ya tashi daga inda gawar take ya haura gabas, wajen rugar Yahya. Ita kaɗai ce rugar da ta rage a yankin, sauran duk sun yi ƙaura. Yahya a nan aka haife shi, nonon gidansu rabin garin suka sha suka girma, amma da safiyar nan ba wanda ya tuna. Suka jawo shi da igiya suka ɗaure a gindin marken ƙofar Mai-unguwa.

Muttaka, shugaban 'yan sa-kai, bai ɓoye komai ba. Ya ce da zarar an yi jana'iza an sallaci azahar, za su kai shi bayan dutse su yi masa tambayoyi. Kowa ya san tambayoyin bayan dutse. Mutum uku aka taɓa kaiwa, ba wanda ya dawo.

*

Ana cikin haka Dada ta iso tana dogara sanda. 'Yar marigayi Sarkin Dawa ce. Allah bai ba shi namiji ba sai a ƙarshen rayuwarsa, don haka ita ya riƙa ja daji tun tana 'yar ƙanƙanuwa, ya koya mata karatun ƙasa kamar yadda ake koya wa wasu allo. Yanzu ta haura saba'in, haƙoranta sun yi saura kaɗan, bakinta kuwa bai ragu da komai ba. Ba akuyar da ta taɓa ɓata a garin Dada ta kasa gano cikin da ta shiga.

"Baba Mai-unguwa," in ji ta, "wa ya karanta maku sawun?"

"Ni na gani da idona," Muttaka ya amsa.

"Kai? Kai da ka bi sawun jakinka yini guda, ashe yana ɗaure bayan ɗakinka?"

Wata rana da an yi dariya. Yau ko murmushi ba wanda ya yi, sai ta ji tsoro ya kama ta, don ta san garin da ya daina dariya ya gama yanke hukunci. Ta roƙi a ba ta zuwa azahar. Mai-unguwa ya dubi Muttaka kafin ya ɗaga kai, abin da ya nuna mata wanda ke da garin yanzu.

Ta durƙusa gaban Yahya. Leɓensa ya fashe, idonsa ɗaya ya kumbura.

"Ina kake da asuba, ɗan nan?"

"Saniya ke haihuwa, Dada. Tun kiran sallah ina kanta. Ɗan maraƙin na nan, ko tsayuwa bai iya ba."

"Wa ya gan ka?"

"Matata."

"Matarka ba shaida ba ce wurin waɗannan." Ta kama ƙafarsa ta juya takalmin. Irin wanda aka ga sawunsa ne sak, baƙin roba mai zanen ƙashin kifi a ƙasa, wanda ake zubewa tuli a kasuwar Yankara. Kashin shanu ya cika zanen ya bushe, wani kan wani.

"Dada," ya ce a hankali, "yarana ukku. Ki ce ma 'yan sa-kai kar su taɓa rugar."

Ta dafa sanda ta miƙe, ba ta da abin da za ta yi alkawari da shi.

*

Suwaibatu, matar mamacin, tana zaune mata sun kewaye ta. Dada ta kore su da sanda, ta zauna ta kama hannunta.

"Yankara za shi ɗauko magani," in ji Suwaibatu, murya a dishe. "Amma bai saba hita tun duhu bai gama washewa ba. Na ce mi kake ma sauri? Ya ce akwai wanda yake son gani."

"Wa?"

"Bai hwaɗi ba. Ya ce sau biyu yana hango mutum bisa Dutsen Waya da sassahe. Ya ce ba ya kiran sunan kowa sai ya tabbata, don ya san abin da suna ke jawowa garin nan."

Dutsen Waya shi ne wuri ɗaya tak a yankin da waya ke samun sabis, yana can tsakiyar kwari, daidai saman inda aka tsinci gawar. Doka ta ce ba mai hawansa sai ranar Juma'a, a ayari, 'yan sa-kai suna jin abin da kowa ke faɗa. Wanda ya hau shi a ɓoye, da mutanen daji yake magana.

"Yana da abokin faɗa?"

Ta share hawaye. "Sha'ibu ɗan sa-kai. Ya zo neman ƙwayoyin nan da suke sha in za su sintiri, Malam ya hana shi. Ya ce za ya gani. Kuma an ce yau da sahe an gan shi wandonshi jiƙe sharkaf."

*

A bakin gari ta tarar da Audi magini yana jiranta da gorar ruwa. Ɗan ƙanenta ne, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, a wurinta ba shi da bambanci da ɗan da ta haifa. Wata biyar da suka wuce mutanen daji suka faɗa wa gonakin gari suka kwashi mutum shida, har da 'yarsa Ikhlas mai shekara tara. Biyar sun dawo, ita shiru. Tun daga nan Audi ya rame ya zama kamar kara, magana ma sai ta kama dole.

"Ba ni barin ki shiga kwarin nan ke kaɗai, Dada."

Ta ji daɗi har cikin ranta. Suka gangara, tana gaba yana biye, yana share sawunsu da ƙafa da reshe sama-sama, ita kuwa ba ta waiwaya ba, idonta na ƙasa.

Kwarin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa da kukan hasbiya a ramukan dutse. Damina ta ja baya, ganye ya yi kore shar, wurin ya yi kyau har ya ba ta haushi. Duk inuwar da ta motsa sai gabanta ya faɗi. In dai da gaske wani ya sayar da hanyar nan, to ba mamaki yanzu haka akwai bakin bindiga yana kallonsu daga sama.

Inda gawar ta kwanta 'yan sa-kai sun tattake komai, kamar an yi dambe a wurin. Ta tsine musu a ranta, ta zaga gefe har ta tsinci sawun takalmin roba. A fili yake ƙwarai, har ya yi yawa. Mai shi ya bar dutse mai faɗi da zai iya bi, ya zaɓi laka. Ta bi shi a sunkuye, ya haura hanyar da shanun Yahya ke sauka shan ruwa. Nan ta tsaya ta daɗe.

Hanyar cike take da kashin shanu, sabo da tsoho. Sawun ya zo gaban na farko ya kauce dama. Ya zo na biyu ya tsallake da dogon taku. Na uku har ɗage ya yi, yatsun kaɗai suka taɓa ƙasa.

"Kai, Audi," ta ce tana 'yar dariya, "yau na ga makiyayin da ke ƙyamar kashin shanu."

"Ikon Allah," in ji shi.

Can sama sawun ya faɗa cikin wani ɗan rafi ya ɓace. Bai kai ruga ba. Amma ta san wannan ba zai kwance igiya ba. Muttaka zai ce Yahya ne ya yi wayo. Mutanen nan ba sa sakin wanda ke hannu sai an ba su wani.

Suna dawowa gindin Dutsen Waya ta miƙa masa sandarta. "Tsaya nan, zan kama ruwa."

"Ki bi ta can ƙasa, Dada, nan akwai macizai."

"Macizan sun san ni tun ba a haihe ka ba."

Ya juya baya kamar yadda ɗa zai yi, ta zaga bayan wani ƙaton dutse inda ba hanya ba ce, ba kuma mai zuwa. A can ta tarar da wani ɗan fili na yashi, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, an share shi tas. Ga reshen sabara an yar a gefe, ganyensa bai ko yi yaushi ba. A kan wani ɗan dutse mai kama da kujera akwai ɓurɓushin busasshiyar laka, inda mutum ya zauna ya sake takalmi.

Ta tsuguna. Mutanen ruga ba sa shara, ta gabas suke shigowa, dokar ba ta shafe su ba. Mutanen daji kuwa ba su taɓa ɓoye sawu ba, so suke a san sun zo. Wannan ɗan gari ne, wanda hannunsa ya saba har ya share inda ba wanda ya sa shi. Kuma sharar ba irin ta kowa ba ce. Yawanci sai su kaɗa reshe hagu da dama su wuce. Wannan an ja ta ne a lauje, rabin da'ira bisa rabin da'ira, kowace ta hau gefen 'yar'uwarta, a ƙarshen kowane layi an murɗa hannu an rufe. Ta tabbata ta san wannan hannun, amma ta rasa a ina.

Da ta fito Audi ya dube ta. "Kin daɗe."

"Tsufa ne," ta ce. Ubanta ya hore ta cewa mai bin sawu ba ya magana sai ya kai ƙarshe, ko da wa yake tare.

*

Sha'ibu bai ba ta wahala ba. Ta same shi a zaurensa, ƙaton mutum mai jajayen idanu, ya taso mata da hargagi. Ta bar shi ya gama, sannan ta shaƙi iska.

"Wa ke suyar kihi gidan nan?"

Nan take ya yi laushi. Tarkon kifi yake kafawa a ƙasan kwari, abin da shi da kansa yake dukan mutane a kai. Ya roƙe ta kada Muttaka ya ji. Ta dubi ƙafarsa, faffaɗa kamar faranti, ko da man shanu aka shafa ba za ta shiga takalmin nan ba.

"Ka ga kowa?"

"Na ji kamar ana gardama can sama, sai na ji abu ya hwaɗi. Na ɗauka mutanen daji ne, na kwashi kihina na gudu."

"Da bindigarka a kahwaɗa."

Ya sunkuyar da kai. Ta fita ta bar shi, zuciyarta ba daɗi, don rana ta kusa tsakiya kuma ba ta da sunan kowa.

*

An kai Malam Mas'ud makwancinsa. Daga ɗakinta tana jin maza suna dawowa daga maƙabarta, ba hira, sai takun ƙafa. Ta yi alwala ta shimfiɗa tabarma, gwiwoyinta suna ciwo, ta zauna jiran kiran sallah tana kallon bango don ba ta da abin kallo.

Bara waccan mutanen daji sun ƙone ɗakin nan. Audi ne ya tayar mata da shi, shi kaɗai, ya yi yaɓen da tafin hannunsa, ya ce ba za a ce uwar magini tana kwana a kango ba. Kullum sai ta yi wa baƙi alfahari da yaɓen. Rabin da'ira bisa rabin da'ira, kowace ta hau gefen 'yar'uwarta. A ƙarshen kowane layi an murɗa hannu an rufe.

Nan ta gane hannun da ya share yashin. Ta tuna macizan da ya ce akwai. Ta tuna yadda ya tsaya a bayanta a bakin ruwa, su biyu kaɗai, da duwatsu ko'ina a ƙasa.

Gaskiya ita ce ta yi tunanin yin shiru. Ba wanda ya ga yashin nan sai ita, iskar yamma ma za ta shafe shi. Yahya ba jininta ba ne. Za ta iya cewa ido ya tsufa, sawu ya ɓace mata, kowa zai yarda. Ta zauna da wannan tunanin har ladan ya kira sallah, kuma Allah ya sani ta so ta bi shi. Ta yi sallah tana kuka, ta sallame, ta ɗauki sandarta.

*

Duk garin ya taru a ƙofar Mai-unguwa. 'Yan sa-kai sun riga sun kwance igiyar daga jikin marke, tana hannun Muttaka, ɗaya bakin a wuyan hannun Yahya.

"Kahin in buɗe baki," in ji Dada, "Liman, a ɗauko Alƙur'ani. Duk wanda na kira, hukuma za a kai shi Faskari. Ba bayan dutse ba."

Muttaka ya yi gardama, Liman da Mai-unguwa suka matsa, a ƙarshe ya dafa. Kunya ta kama ta, don da safe ba ta nema wa Yahya wannan rantsuwar ba, sai yanzu da abin ya zo gidanta.

Ta sa aka zubo yashi kwando uku a fili, aka cire takalmin Yahya. Ta ce duk namijin da ke wurin zai sa shi ya taka, ita ta san takun da take nema. Maza suka shiga kallon juna. Kowa ya san bai yi komai ba, amma ba wanda ya yi saurin fitowa, don ba wanda ya san abin da tsohuwar nan ke gani a ƙasa.

Muttaka ya fara takawa. Ta leƙa, ta girgiza kai, ta ba shi reshen sabara ya share wa na gaba. Ya kaɗa hagu da dama. Sha'ibu ya zo, takalmin ya ƙi shiga, ya taka da rabin ƙafa, shi ma ya kaɗa reshen ya koma. Mutum biyar suka wuce haka.

"Wannan shara ce ko tonon kaji?" ta ce da tsawa. "Ya zan ga sawu a haka? Audi, karɓi reshen nan ka gyara mani wurin."

Ya fito ba gardama. Hankalinsa duk yana kan takalmin, yana shirya yadda zai taka in an zo kansa. Ya sunkuya ya fara ja da baya. Hannun ya yi abin da ya saba shekara ashirin. Da ya kai ƙarshen layi na uku ya murɗa ya rufe.

"Ya isa," in ji Dada. "Ya isa, ɗana."

Ta nuna yashin da sanda, sannan ta ɗaga sandar ta nuna bangon masallaci da ke bayansu, wanda Audi ya yaɓe bana. Mutane suka dubi ƙasa, suka dubi bango, suka sake duban ƙasa.

"Bayan babban dutse, gindin Dutsen Waya, akwai inda mai takalmin roba ya zauna ya sake takalmi, ya share wurin. Yana nan ba wanda ya taka. A tura dattawa biyu su gani. Wanda ya bar sawun nan ɗan gari ne, yana tsallake kashin shanu. Kuma hannun da ya yi sharar, ga shi nan riƙe da reshe."

Ba a ko tura kowa ba. Audi ya dubi reshen kamar bai san yadda aka yi ya zo hannunsa ba, ya sake shi, ya zauna daɓas a kan yashin.

"Ina wayar?" ta tambaye shi.

Ya cire hularsa ya zaro wata 'yar ƙaramar waya daga cikin naɗin, ya ajiye a ƙasa.

"Suna ba ni Ikhlas in ji muryarta," ya ce, ba ya kallon kowa. "In na gaya masu abu, su ba ta waya ta ce Baba. Wanda ya sai da bijimi, ranar da motar taki za ta zo, irin wannan. Takalmin na aje shi can don in an ga sawu a ce makiyaya ne. Yau ina saukowa na iske Malam tsaye, ya ji komi. Na roƙe shi, ya ce ba ya iya rufe wannan. Na riƙe mashi jaka, ya fizge, na tura shi. Wallahi turawa ɗaya ce."

Wuri ya yamutse. Wani ya ɗaga gora, Liman ya shiga tsakani da Alƙur'ani a sama yana tuna musu rantsuwa. Muttaka ya daka tsawa aka lafa, ya sunkuya kan Audi.

"Hanyar kwari hwa? Ka ba su?"

"Ban ba su ba. Wata biyu suna tambaya ta ina muke hita kasuwa, ina ce masu ban sani ba. Yau suka ce haƙurinsu ya ƙare. Da la'asar in hau in gaya masu." Sai a lokacin ya ɗago ya dubi Dada. "In ba su ji ni ba da la'asar, sun ce kar in sake tambayar Ikhlas."

Muttaka ya kwance igiyar daga hannun Yahya da kansa, bai dube shi ba, bai ba shi haƙuri ba, ya juya ya ɗaura ta a hannun Audi. Yahya ya tsaya yana murza wuyan hannunsa inda fata ta saɓule. Mutanen da suka yi masa tofin tsine da safe duk suka sami abin kallo a ƙasa.

Dada ta dubi inuwar marke. Ta riga ta fara miƙewa gabas. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki wayar.

"Ku bar shi ya hau ya yi magana, ku tsaya kanshi," ta ce wa Muttaka.

"Ya buɗe baki ya sai da gari gaba ɗaya? Ba inda za shi."

"To ni za ni."

"Ki ce masu mi?"

"Ban sani ba. In ce kakarta ce. In ce ubanta ba ya da lahiya. Abin da Allah ya sa a bakina."

Ta dubi mazan garin ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san gwiwoyinta ba za su hau Dutsen Waya ba sai an riƙe ta, kowa kuma ya san wanda ya tsaya a saman dutsen nan da rana tsaka ana hango shi daga daji. Sha'ibu ya shiga gyaran igiyar bindigarsa. Mai-unguwa ya yi gyaran murya ya kau da kai. Tsoro ne, ba ta kuma ga laifinsu ba. Ta juya ta kama hanyar kwari ita kaɗai.

Ba ta yi nisa ba ta ji taku a bayanta, takun mutum ba takalmi. Ta waiwaya. Yahya ne, ido a kumbure, jini ya bushe a haɓarsa.

"Koma wurin yaranka," ta ce. "Mun yi maka abin da ya isa."

"Kawo sandar, Dada," in ji shi. "Ki kama kahwaɗata, lokaci na tahiya."